Gurbin da Aka Bari a Waƙa ta Tara

Villa Constitución,
16 ga Satumba

Zuwa ga ƙanena Dalmiro,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Uxía da yara, ya kuma sassauta maka sanyin tekun Vigo da ke cin gwiwarka. Mu nan kowa ƙalau. Sanyi ya fara ja da baya, kogi ya ɗan cika. Mama ta shiga tamanin da ɗaya a watan jiya, hawan jininta ya sauka amma rigimarta na nan daram. Har yanzu ita ke haɗa shayin mate da kanta, wai hannun kowa bai iya ba. Duk Lahadi sai ta kunna maka kyandir a coci, ta dawo tana mitar shekara goma sha huɗu ba ta ga fuskarka ba sai ta gilashin waya. Mijina Osvaldo yana nan da tasinsa da tumbinsa, tasin tana tsufa, tumbin yana ƙuruciya.

Na san ka hana a ambaci ƙungiyar kiɗanku ta Caldera Nueve a gabanka, kuma na kiyaye tun ranar da ka ajiye jitarka ka bar ƙungiyar, ka bar mana garin gaba ɗaya. Shi ya sa ma na zaɓi takarda, don a waya da na buɗe baki za ka ce layi ba kyau ka katse. Yau dai sai ka yi haƙuri, ni ce babba. Sun fitar da sabon faifai kwana goma da suka wuce, sunansa "Tsatsa", kuma tun daga ranar garin nan ba shi da wata hira.

Ka san ni da kiɗan rok ɗinku, ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba illa hayaniyar masu dogon gashi. To ba zan yi maka ƙarya ba, wannan karon sun yi aiki, har ni abin ya burge ni. Gangunan suna sauka kamar gudumar masana'antar ƙarfe, muryar mawaƙinku Ulises kuwa shekaru sun dusar da ita, sai dusashewar ta ƙara mata kyau. Matar da ke sayar da magani a kusurwar titinmu ta ce a waƙa ta uku sai da ta rufe kanti ta share hawaye. Samarin da ba su yi wayo ba lokacin tafiyarka suna yawo da baƙaƙen riguna suna rantsuwa ba a taɓa yin irinsa ba, kamar sun san na baya. Daga Rosario har Córdoba yabo ake ta rubutowa. Masu ƙorafi ma ba a rasa ba. Cipriano, tsohon nan mai sunan ƙungiyar zane a damtse, ya tsaya a gidan burodi yana faɗa wai waƙa ta biyar ta yi sanyi, ta rawar ango da amarya ce, Ulises ya tsufa ya zama kaka. Da yamma aka gan shi ya sayi faifai biyu.

Rigimar gaske a kan waƙa ta tara take, ta ƙarshe. Dalmiro, "Hanyar Kogi" ce. Waƙar nan da kuka yi faɗa a kanta, Ulises ya ce a gaban 'yan jarida shi ya tsara ta, kai kuma ka rantse ba za ka sake taka titin da zai taka ba. Ba su taɓa naɗarta a faifai ba sai yanzu. Kuma sun naɗe ta babu jitar bas. Ganguna suna nan, ƙaramar jita tana nan, murya tana nan, amma ƙaton amon nan da ke riƙe ƙasan waƙa, wanda aikinka ne, babu shi ko kaɗan. Har tsakiyar, inda kowa ke yin shiru ya bar ka kai kaɗai, sun bar wurin fayau, sai sandar mai ganga tana ƙirga lokaci.

Ka zo ka ga ruɗani. Osvaldo ya sa faifan a tasi, da ya kai ta tara ya ɗauka lasifikar baya ce ta ƙone. Ya kai motar wajen mai gyaran wutar mota, aka kwance kujeru, aka wuni ana tone-tone. A ƙarshe mai gyaran ya ce masa, wai, maigida motarka lafiyarta lau, kai ne mutum na huɗu da ya zo mini da wannan ciwon a makon nan. Ya dawo gida tsuru-tsuru, na yi dariya har cikina ya ƙulle. Wasu sun mayar da nasu kanti wai an sayar musu da mai lahani. Masu ilimin birni kuma suka ce sabon salo ne mai zurfi, mu 'yan ƙauye ne ba za mu gane ba.

Ranar Lahadi aka yi taron saurare a kulob ɗin unguwa, kamar yadda aka saba duk sabon faifai: a gasa nama da rana, a rataye tutocin unguwanni a bango, a sa faifai daga farko zuwa ƙarshe, ba mai magana sai ya ƙare. Osvaldo ya ja ni, na tafi da niyyar taimaka wa mata da suyar empanada, fanken nan mai nama a ciki, kawai. Mun kai mutum ɗari uku. Waƙa takwas suka wuce ana kaɗa kai, ana buga tebur. Da ta tara ta zo ta kai wurin shirun nan, sai Cipriano, da maiƙo a gemu, ya fara yin bas ɗin da baki, can ƙasan maƙoshi. Wani tsoho a bayansa ya kama. Kafin ka ce me, duk waɗanda suka taɓa ganin ka kana kiɗa a zauren ma'aikatan jirgin ƙasa sun ɗauka, samari suna kallon bakinsu suna bi. Da ta ƙare aka ce a maimaita, aka maimaita sau huɗu. Na aje faranti na zauna, ina kuka ina jin haushin kaina.

Sai a nan wata yarinya ta buɗe ɗan littafin da ke cikin kwalin, wanda duk masu gardamar ba wanda ya damu ya karanta, ta hau kujera ta karanta da ƙarfi. A ƙarƙashin waƙar an rubuta cewa Dalmiro Brizuela ne ya tsara ta, sunanka kai kaɗai. A wurin sunan mai bas kuma an bar layi ba komai. Cipriano ya share hanci da bayan hannu ya ce, wai, ashe jakin nan Ulises ya iya ba da haƙuri, da baki ne kawai bai iya ba.

Shekaranjiya sai ga Ulises a gidan Mama, gashi ya yi fari fat, hula a hannu. Mama ta bar shi a tsaye ya kai minti goma kafin ta miƙa masa mate, shi ma mai sanyi. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce in gaya wa mai taurin kan nan ranar ashirin da biyu ga Nuwamba za su gabatar da faifan a filin ƙwallon kulob. Ya ce mai bas ɗinsu na yanzu, yaron kirki ne, shi da kansa ya ce ba zai taɓa wannan waƙar ba. In ka zo, wurin naka ne. In ba ka zo ba, jama'a za su cike shi da baki, haka kuma za a riƙa yi har ƙungiyar ta watse. Mama ta ce masa shekara goma sha huɗu ya ɗauka kafin ya koyi rubuta sunan ɗanta, ko ɗan aji ɗaya ya fi shi. Ya sunkuyar da kai ya ce haka ne, Doña Herminia.

Ni ba zan ce maka ka yafe ba, wannan tsakaninka da zuciyarka ne. Ya cuce ka, kowa ya sani, yanzu kuma ya rubuta gaskiyar da hannunsa. Abin da na sani shi ne ina kewarka, kuma na gaji da ganin tsohuwar nan tana sumbatar waya. Ina tsoron ranar da za ka zo a guje a lokacin da zuwan ba shi da amfani.

Ga kuma wani abu da ban gaya wa kowa ba. Jama'ar nan kuskure suke yi. A juyi na biyu, inda kake sauka ƙasa ka ɗan dakata, su sama suke hawa. Cipriano ne ya tuna shi a karkace, kowa kuma ya koya daga bakinsa. Ni na sani, don shekara uku na yi ina jin ka ta bangon ɗakina kana maimaita wurin, ina jifan bangon da takalmi. Na ji kuskuren tun karo na farko, na kuma ja bakina na yi shiru. Ranar ashirin da biyu mutum dubu biyar za su rera waƙarka ba daidai ba, da sunanka a kanta, kuma haka za ta zauna a bakin 'ya'yansu. Ni ba zan gyara musu ba, ba aikina ba ne.

Ka gaishe mini da Uxía da kyau, ka rungume mini Brais da ƙaramar Iria. Mama tana sa muku albarka, Osvaldo da Goggo Zulema suna gaisuwa. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Taka yayarka,
Nélida