Buhun da Ya Kwana a Ɗakin Kaka

Laraba

Zuwa ga angona mai farar riga,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, ina gajiya, ina kuma rowa? Wata biyu ban ga layi ɗaya daga hannunka ba. In sakina ka yi ka aiko da takarda, akwai masu so. Tsohon da ke gadin ramin da muke haƙar dutse kullum sai ya tambayi lafiyar ƙafata.

Albishirinka. Ranar Litinin tifar farko ta tashi da dutsenmu zuwa masana'antarku. Shekara nawa muna fasa dutsen nan, 'yan sari suna kwashewa ɗanye su kai bakin teku, mu ko abin da ake yi da shi ba mu sani ba. Yanzu kawunka ya tara mu a rumfar ƙungiya ya yi mana bayani. Wai ku za ku niƙa ku wanke, maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka su gasa shi su tace, wasu can gaba su ɗura shi a batirin mota da na sola, duk a yankin nan. Na ce ashe dutsen ma zai fi ni yawo.

'Yan sarin kuwa kawunka ya sallame su, ya ce ƙungiya ta yi miji. Sun kwashe sikelinsu sun tafi suna harara. Tun da aka sa hannu a takardar yarjejeniya da masana'antarku yake tafiya kamar an ɗaura masa sanda a wuya.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Direban tifa ya dawo ba fara'a. Ya ce an ɗebi kaɗan daga kayan an shiga da shi ciki, aka bar shi tsaye har la'asar ba mai ce masa sannu. Ya tambaye ka, aka ce ba ka nan. Ina ka je ranar aiki? Kada ka kira wayar kawunka, ka san a buɗe yake sa ta, rumfa duka ta ji. Ka ba direba amsa ya kawo mini.

Ka huta lafiya.
Kakarka, amaryarka ta fari

*

Asabar

Kaka,

Wa'alaikumus salam. Na samu takardarki, ina gaida kowa da kowa. Ki yi haƙuri, yau ba ni da bakin wasa.

An dakatar da ni daga aiki. Kin tuna wata uku da suka wuce, injiniyanmu ya zo ya ɗebi samfur a buhu daga tarin dutsenku? Ni na gwada buhun nan. Litiyom ɗin da ke ciki, wato abin da ake nema don batir, ya kai kashi biyar cikin ɗari. A kan wannan sakamakon aka ƙulla yarjejeniya da ƙungiyarku. Tifar da kuka aiko ranar Litinin ba ta kai biyu ba. An sake gwadawa sau uku.

Sai wani ya tuna cewa garin nawa ne, shugaban ƙungiyar kuma kawuna ne. Shugabar ɗakin gwajinmu ta kira ni, ba ta ɗaga murya ba, ta ce in ajiye katin shiga a kan tebur. Ranar Alhamis ta sama kwamiti zai zauna. In suka yanke cewa ni na ƙara lamba, ba a nan kaɗai na rasa aiki ba, babu ɗakin gwajin da zai sake ba ni ma'auni in riƙe.

Kaka, ban ƙara komai ba. Abin da injin ya nuna shi na rubuta. Injiniya ya rantse ya ɗaure bakin buhun da roba mai lamba, kuma robar ta iso ba a yanke ba, ni na yanke ta da hannuna. Amma ya ce motarsa ta lalace a garinku, buhun ya kwana biyu kafin ya taso. A ina ya kwana? Ki tambayar mini a hankali.

Na ga rubutunki ya ƙara girma, yana kuma sauka daga layi. Lafiya?

Jikanki

*

Lahadi

Angona,

Gaisuwa da fatan alheri. Rubutuna lafiyarsa lau, biron ne ya tsufa.

Na karanta takardarka a bakin ƙofa sau biyu, sannan na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Ba sai na tambayi kowa ba. Buhun a ɗakina ya kwana, don ni kaɗai ke da kwaɗo mai kyau a layinmu.

Bari in faɗa maka yadda aka yi, kada ka yaga takardar kafin ka kai ƙarshe. Ina tsaye injiniyan naku ya ɗebi samfur ɗin. Mutumin nan ko kallon dutsen bai yi ba. Ya soka shebur nan, ya yi taku goma ya soka can, har da yashi da farin dutsen banza da muke kira gishiri. Na ce masa ɗana, ga masu kyau nan a gefe. Ya yi dariya ya ce haka ake yi, Mama.

Da aka ajiye buhun a ɗakina na ce wannan fa hannun jikana za shi. A gaban manyansa za a zazzage shi, a ce kai, abin da garinku ya aiko ke nan? Yaron da ya yi karatu da guminmu, a sa ya sunkuyar da kai saboda tsakuwa? Mu in za mu aika kaya gidan mutunci sai mun zaɓa. Robar bakin ban taɓa ta ba, na ga tana da lamba. Ɗinkin gindin na farke. Na zazzage, na cire gishirin da yashin, na cika da masu kyau, waɗanda ke tsagewa kamar itace. Na sa basilla na mayar da ɗinkin. Har na yi wa kaina barka da iya aiki.

Wallahi gata na ɗauka na yi maka.

Ɗazu na faɗa wa kawunka. Ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce in rufe bakina. Wai in maganar ta fita za a soke yarjejeniyar, ga 'yan sari ya kora, gida sittin ke ci daga ramin nan. Ya ce kai yaro ne, kana da takardu, ka nemi wani aikin. Na ce ɗan ƙanwarka ne fa. Sai ya ce da ni: "Inna, ke kika farke, kada ki sa gari duka ya zube ta wurin."

Tun ina goya shi bai taɓa yi mini magana irin wannan ba.

Ka faɗa mini abin da zan yi.
Kakarka

*

Litinin

Kaka,

Bayan gaisuwa. Na karanta har ƙarshe.

Injiniya ba sakarci ya yi ba. Ana ɗiban samfur ba zaɓe don a san ainihin abin da rami zai bayar. A kan lambar nan aka saita injinan wanki, a kanta aka yi wa masu tacewa na ƙetare alkawarin kaya duk wata. Kin yi wa buhu ɗaya kwalliya, mutane ɗari sun yi shiri a kansa.

Na roƙi mai kula da sito, abokina ne, ya fito mini da buhun bakin get. Na juya gindinsa. Shuɗin zare, ɗinki biyu gaba ɗaya baya, irin na wandon makarantata. Na mayar masa na ce ban ga komai ba.

Ba zan nuna wa kwamiti takardarki ba. Ba zan tsaya gaban baƙi in ce kakata ta yi maguɗi ba, kuma Kawu yana da gaskiyarsa a kan gidaje sittin. Zan ce ban ƙara lamba ba, iyakar abin da zan ce ke nan. Na san ba zai isa ba.

Kada ki zo. Hanyar ba ta ƙafarki ba ce. Ki ƙona wannan in kin karanta.

Jikanki

*

Laraba

Angona mai fushi,

Sallama da gaisuwa. Ban ƙona ba, kuma na zo. Har na koma. Yaushe ka fara ba ni umarni, ko kayan ɗaki ba ka saya mini ba?

Jiya da safe na ce wa kawunka zan je asibiti, na hau gaban tifa. Mai gadin get ɗinku ya ce ba a shiga sai da kati. Na ce ni ce kakar wanda kuka kora, na kawo ɓarawon. Ya leƙa bayana yana neman ɓarawo, na ce ga ni.

Shugabar taku 'yar siririya ce mai tabarau, irin matan da ba sa ɓarnar kalma. Ta ba ni kujera da ruwa, na zayyana mata komai. Ta sa aka kawo buhun, na ciro ragowar zaren daga lalitata na ɗora a kai. Ta duba ta duba. Sannan ta ce zare kowa na iya saya, kuma ba yau ta fara ganin dangi sun ɗauki laifin ɗansu ba. Abin da bai shiga kanta ba, wai a ce tsohuwa da hannu kawai ta mayar da biyu biyar, aikin da suka sayo inji mai tsawon gida saboda shi. Na ce injin naku shekararsa nawa yana taɓa dutse? Ba ta yi dariya ba.

Ta ce: "Kayan tifarku suna nan a fili. Ki cika mini buhu a gabana. In ya yi kusa da biyar, na yarda da ke. In bai yi ba, jibi zan gaya wa kwamiti an turo ki ne, kuma hakan zai ƙara masa nauyi."

Yanzu zan faɗa maka abin da na ɓoye. Ba biro ba ne. Yanar ido ce ta rufe mini idanu, na dama tun bara, na hagu ya biyo baya cikin watannin nan. Lokacin da na farke buhun ina ɗan ganin launi. Jiya da aka tsayar da ni gaban tarin nan, rana tana dukansa, fari fat kawai nake gani kamar an shanya zanin gado. Ga ta a tsaye da agogo, ga injiniyan, ga ma'aikata sun bar aikinsu sun yi da'ira. Na ce a raina yau na zo gyara zan ƙarasa yaron nan.

Na nemi a ba ni buhu in zauna a kai, na miƙe ƙafa kamar a rumfarmu, na rufe idon gaba ɗaya tunda ba shi da amfani. Ka san mai kyan yana da nauyi fiye da girmansa, gefensa a miƙe, in ka ja farce a jikinsa za ka ji tsagi-tsagi. Gishirin kuwa sauƙi gare shi, bakinsa kamar fasasshiyar kwalba. Na riƙa ɗauka ina aunawa a tafi, mai kyau dama, gishiri hagu. Da farko hannun ya ƙi, na jefa uku a buhu na sake fito da su. Wani ya yi tari irin na dariya. Na ce wa mai tarin ya matso in auna kansa in ji ko na dama ne ko na hagu. Daga nan hannun ya dawo.

Awa biyu da wani abu na yi. Yatsu biyu sun fashe. Da buhun ya cika shugabar ta ɗaure bakinsa da kanta, ta juya gindinsa ta duba ɗinkin, sannan ta dube ni. Ta tambaya mu nawa ne muka iya wannan. Na ce mu goma sha huɗu ne a rumfar mata, amma ana sa mu loda komai ne a haɗe don tifa ta cika da wuri. Ta rubuta wani abu. Ta ce sakamako sai ranar Alhamis da safe, kafin kwamiti ya zauna.

Ban sani ba ko ya kai. Akwai guda biyar ko shida da har yanzu nake shakkarsu.

Direba ya ce ya kai ni ɗakinka, na ce a'a. Na iya tsayawa gaban mai tabarau, amma gabanka ban shirya ba. Kawunka ya ji komai, ya daina shigowa gaishe ni, ta taga yake yi.

In abin ya ɓaci, ka yafe mini. In ya gyaru ma ka yafe mini.

Kakarka

*

Alhamis

Amaryata,

Sallama. Na rubuta da manyan baƙaƙe don kada ki ba kowa ya karanta miki.

Buhunki ya ba da kashi huɗu da rabi cikin ɗari. An mayar mini da katina.

An soke tsohuwar yarjejeniyar, ki faɗa wa Kawu da kanki. Ranar Litinin shugabarmu za ta zo ganin rumfar mata. In ku goma sha huɗu za ku iya cika tifa da zaɓaɓɓe, za a rubuta sabuwa. In ba za ku iya ba, babu. Zan biyo ta, in wuce da ke wurin likitan ido, kuma ba shawara nake nema ba.

Za a ɗebi sabon samfur. Na ce a zo da durom na ƙarfe, don na san ba ki iya walda ba.

Ki shafa wa yatsun magani.

Angonki