Na Yi Wa 'Yar Maƙwabciyata Baftisma Ba Da Saninsu Ba

Salama gare ki Anti, da duk masu bin wannan shafi, Musulmi da Kirista. Don Allah ki ɓoye sunana. Ku kuma ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni 'yar Katolika ce daga kudancin Kaduna. Aikin karɓar haihuwa ya kawo ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Sabon Birni, kowa Sista yake kirana. Katanga ɗaya ce tsakanina da wata baiwar Allah, bari in kira ta Inno. Mijinta manomi ne, shi ke jan salla a masallacin unguwa in liman ba ya nan. Matar nan ta riƙe ni kamar cikinmu ɗaya, ba ta taɓa dama fura ta manta da ni ba.

Shekara bakwai da suka wuce naƙuda ta kama ta ranar da ba mai iya bin hanyar garin Isa saboda 'yan bindigar daji, balle a yi maganar babban asibiti. Wajen la'asar ta haihu a hannuna, 'ya mace, ba kuka ba motsi. Na share mata baki, na murza bayanta, na hura mata iska, shiru. Ita Inno ba ta ma san inda kanta yake ba. Tun muna yara aka koya mana cewa in jariri zai mutu kuma babu Fada, wato limamin cocinmu, a kusa, kowa na iya yi masa baftisma. Allah shaida ban tsaya tunani ba. Na ɗebi ruwa a kofi na zuba mata a goshi sau uku, na faɗi kalmomin ƙasa-ƙasa, na kira ta Tereza, sunan mahaifiyata. Na koma hura mata iska, sai kawai ta tsala kuka.

Ban gama murna ba na tuna 'yar wa ce. Ubanta ya shigo ya yi mata kiran salla a kunne, gashin goshinta bai ko bushe ba. Ranar suna aka sa mata Hauwa'u, Inno ta miƙo mini ita a gaban mata ta ce, "Wagga ɗiya taki ta, Sista. Allah yab ba ni, ke kir riƙe mani." Kunya ta hana ni ɗaga ido. Har yau yarinyar nan in ta taso daga Islamiyya ɗakina take fara shiga, ta karanta mini abin da aka biya musu, ni kuwa ina ta lallashin kaina cewa ai ruwa ne kawai.

Wata biyu da suka wuce Fada ya samu hanya ya zo mana daga Sakkwato. Bayan an tashi daga Mas, wato ibadarmu ta coci, ya zauna a benci gindin dalbejiya, ya ce mai tambaya ya matso. Ga inda na kashe kaina: maimakon in shiga wurin furta zunubi, inda magana ke mutuwa a kunnen Fada, sai na zauna a bencin nan, katekis, mai kula da cocin in Fada ba ya nan, yana tsaye kusa. Na tambaya ko baftismar da iyaye ba su sani ba tana zama baftisma. Ya ce in da ruwa aka yi, da kalmomin, kuma rai na bakin fita, ta zama. Na ce ana iya warware ta? Ya ce a'a. Na ce, "To Fada, yarinyar da ke salla sau biyar, a wurin Allah ta wa ce? In ni aka yi wa ɗana haka a ɓoye, me za ka kira shi?" Ya ce wannan Allah ne ya sani, kuma bai ce na kyauta wa iyayenta ba. Amma ƙa'ida ce a rubuta duk baftisma a littafin coci. Ya tambayi sunanta da na ubanta, ni kuma bakin nan nawa da bai iya musu da Fada ba ya faɗa. Wa ya aike ni?

Cocinmu ƙofarsa ba ta kulluwa, don haka littafin a gidan katekis yake kwana. Shi tela ne a kasuwa, ba ruwansa, amma matarsa magana ba ta yi mata kwana biyu a ciki. Na kira Fada a waya ina kuka a yage shafin. Ya ce zai ɗauke littafin in ya dawo, sai dai bai san ranar da hanya za ta yi kyau ba.

Tsoro nake ji, Anti, tsoro sosai. Mu 'yan tsiraru ne a garin nan, lafiya lau muke zaune da mutane. Yaran unguwar nan da yawa a hannuna suka faɗo. In maganar ta fita, wace uwa za ta yarda cewa sau ɗaya na yi? Wa zai sake kawo mini matarsa? Wa zai tsaya bambanta ni da sauran 'yan cocinmu? In je in durƙusa gaban Inno kafin ta ji a bakin wani, da wane ido? In tattara kayana in gudu, in bar waɗanda ba su ji ba su gani ba?

Jiya da hantsi Hauwa'u ta dawo daga karɓo ɗinkin uwarta, ta shigo ɗakina tana dariya ta ce, "Sista, mi yas sa matar tela tac ce mani Tereza?" Na ce wasa take yi mata. Ta ce to za ta tambayi Inna ko ita ta san wasan.

Yau tun safe ban ji muryar Inno ta kan katanga ba, kuma fura ba ta zo ba. Don girman Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?