Maigidana ya daina sauri, ya hana ni faɗa wa kowa

Assalamu alaikum ƴan uwa, admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya mini a rai, ko abinci ba ya shiga.

Ni matar aure ce a Arlit, asalinmu ƴan Tasawa ne, aikin ma'adini ya kawo maigidana nan tun ina amarya. Mutum ne mai saurin tafiya, ko shago zai je sai ka ce korarsa ake. Mu kuwa a tarbiyyarmu mace ba ta shiga gaban miji a hanya, to ni a bayansa na tsufa, ina haki ina cewa Malam jira ni mana, shi ko yana dariya yana kirana sarauniyar nawa.

Bara na lura ina cim masa ba tare da na ƙara sauri ba. Wata rana za mu barka, ina ɗaga kai sai na gan mu kafaɗa da kafaɗa, wallahi a nan na tabbata shi ne ya rage sauri. Daga nan na ƙirƙiro ciwon gwiwa, da na ji numfashinsa ya canza sai in ce Malam ƙafata, mu tsaya, shi kuma ya jingina da bango yana mini faɗa wai na cika raki. Haka muke ta yi, ni ina ƙarya shi yana hutawa.

Ƙanwata tana aikin jinya a Agadas, na tambaye ta kamar zancen wata maƙwabciya ce. Ta ce tafiya ba ƙafa kaɗai ke yin ta ba, har da zuciya da huhu da jini, in mai sauri ya koma jan ƙafa yana haki kar a ce tsufa ne kawai, a auna tansiyo, wato hawan jini, a yi hoton ƙirji tun da wuri. Ta ce kuma Yaya, ki daina ce mini maƙwabciya.

Satin da ya wuce amininsa da suka yi aikin rami tare ya rasu. Kun san yadda maza ke sauri da gawa, kuma Malam bai taɓa barin ɗaukar makara ba. Ya sa kafaɗa, ba a je ko'ina ba ya fara janyo mutane baya, wani ya karɓe shi, jama'a suka wuce suka bar shi. A bakin hanya ya zauna cikin rana har aka binne aka dawo, bai zuba wa amininsa ƙasa ba. Ya shigo gida yana hawaye, ban taɓa ganin haka ba.

Na roƙe shi mu je likita, nan ya buɗe mini wuta. Ya ce ya daɗe da sanin gwiwata lafiyarta lau, kunyata ce ta sa ya yi shiru. Ya ce abokansa da suka je gwaji ba wanda ya daɗe bayan an faɗa masa sakamako, shi ya fi son ya tafi bai sani ba. Ya kuma rantse in na gaya wa yara ko ƴan uwansa bai yafe mini ba duniya da lahira.

Ina tsoron wannan kalma, ina kuma tsoron in wayi gari ba shi. Babban ɗanmu yana tuƙin mota a Cibarakaten, shi kaɗai ne in ya sa baki uban zai bi shi likita. Duk Juma'a yana kira, ba ya ajiye waya sai ya ce Inna, Baba lafiya dai ko? Ƴan uwa, gobe Juma'a ce, me zan ce masa?