Ba Zan Nemi Afuwa Don Na Gode Wa Allah Da Ruwa Ba

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa Hausawa mazauna Guangzhou.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali.

Ni ce Hadiza mai tuwo. Ranar Juma'a ka miƙe bayan salla ka ce kada wanda ya ƙara sayen abincina sai na nemi afuwa, saboda na rubuta "alhamdulillahi" a zauren wayarmu a makon da guguwar teku ta jiƙa wa mutane kaya. Tunda a gaban jama'a ka faɗa, a gabansu zan amsa.

Na farko, yakuwa da lalon da kuke sha a miyata ba sayensu nake yi ba. Duk kasuwar da na tambaya, "meyo" ake ce mini, wato babu. Ni nake noma su a ɗan fegin da wata tsohuwa 'yar China ta ba ni a bayan gari. Kafin guguwar mun yi makonni ba ruwa. Ƙasa ta tsattsage, kududdufin da muke ɗiba ya ƙafe, yakuwa ta fara ƙonewa.

Na biyu, ban yi murna da iskar ba, don ta kwashe mini rumfa. Ruwan ranar farko ma bai shiga ba. Ƙasar ta yi tauri, sai ya bi ta kai ya wanke mini kunya biyu. Yayyafin da ya biyo baya ne ya ratsa ta a hankali. Na tona har gwiwar hannu ina tarar da laima, tsohuwar tana gefena tana share hawaye. A nan na ɗauki waya na rubuta abin da na rubuta.

Na uku, Alhaji Sani wanda dilolinsa suka jiƙe a kasuwar Shisanhang, tun kafin ka yi magana na je na jajanta masa, na wuni ina taya shi shanya riguna. Ka tambaye shi.

Kai ma ɗan manomi ne, ranka ya daɗe. Ka taɓa ganin fuskar mahaifinka lokacin da damina ta tsaya.

Roƙona ɗaya ne: ka janye maganarka a inda ka yi ta. Afuwa kam ba zan nema ba. Gobe da azahar zan zo kasuwar Shahe da kulolina, mai jin yunwa ya miƙo kwano.

Allah ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, ya ba ka ikon yin adalci.

Wassalam.

Hadiza mai tuwo