Wa Zai Riƙe Wuƙar

Matar Auta ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

Ƙanwata, ina gaishe ki. Ya ƙafar taki, ya yara? Mu lafiya lau, sai ɗan kumburin nan na wuyana.

Jiya aka kai ni asibiti. Likita yana Turanci, Auta yana juya mini: "Dole a cire shi. Ana iya yi cikin watan nan." Haka suke magana a nan, komai sai dai a yi, ba ka jin mai yi.

Na ce, "Tambaye shi wa zai riƙe wuƙar." Auta ya ce, "Inna, haka Turanci yake, ladabi ne." Na ce ni ba na miƙa wa ladabi wuyana. Likitan ya yi dariya, ya dafa ƙirjinsa. Shi ke nan, na yarda. Ranar Talata ne.

Ki karɓo babbar tukunyata wurin matar tela, ta daɗe. Buhun gawayin maƙwabciya yana kaina, ki mayar mata. Keken ɗinkin marigayi na 'yarki ne, ko na tashi ko ban tashi ba.

Yayarki.