Suna Biyu, Mota Ɗaya

Daren Talata, Kabo.

Barci ya ƙi zuwa. Yau ma an dawo mini da takardun neman lasisin dakon kaya, duk da na jera su tsaf. Akawun ya nuna da biro: a takardar sakandare ni Habu Gammo ne, sunan garinmu da aka laƙaba mini a makaranta. A takardar mota kuwa Habu Idi, sunan Baba.

"Malam, wanne ne kai? Je kotu ka rantse da ɗaya."

Mota a ajiye, albasar mutane tana jira. Bayan isha'i na gaya wa Baba. Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Ashe can ba da sunana ka yi karatu ba?"

Gobe zan rantse da Idi. Idan suka ƙi takardar makarantar fa?