Allurar da Na Rubuta Ban Yi Ba

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar da ta ɗauke mu aikin rigakafi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce Hadiza, ma'aikaciyar wucin gadi da ke yi wa yara allura a ƙauyukan yankin Tozai. Na rubuto ne in faɗi laifin da na yi, da abin da ya kai ni ga yin shi.

Na farko, shekarata shida ina wanga aiki ba ni da takardar ɗauka. A kowane taro mai duba aikinmu yakan ce wadda ta dawo da fom ɗinta bai cika ba, kar ta fito gobe. Ya cika maganarsa a kan Saratu, abokiyar aikina, ya kore ta don ta gaya masa hanyar wata ruga ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga.

Na biyu, da aka tura ni rugar nan, na kai bakin rafi, tsoro ya sa na kasa ƙetarewa. Na tuna Saratu, na tuna marayu uku da nake ciyarwa. Sai na zauna gindin tsamiya na rubuta cewa na yi wa yaran allura. Mai duba aiki ya yaba mini gaban kowa.

Da ƙyanda ta shiga rugar, wata mata mai suna Dije ta goyo ɗiyarta zuwa asibiti ta iske ni can, idanun yarinyar sun rufe. Ta ce mini, "Malama, mun yi ta jiranku." Yarinyar ta rayu, amma ba ta gani. Ban ɗora wa kowa hannun da ya riƙe biro ba, nawa ne. Sai dai ba ni kaɗai ce tsoro ya koya wa ƙarya ba.

Ina roƙon a sake bin duk rugagen da takardunmu suka ce an je. A mayar da Saratu bakin aiki. A ba mu takardar ɗauka, kuma a bar korar wadda ta ce ba ta isa wuri ba.

In an kira ni, za ni maimaita wagga magana gaban kowa, ko da ita ce ƙarshen aikina.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon gyarawa.

Wassalam.

Hadiza, daga Tozai